RIƘON YARO A ƘETARE: TSAKANIN KAFALA DA TABANNI

 

Ya ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda da yawanmu ke zaton ta Turawa ce kaɗai, alhali kuwa ta riga ta shigo gidajenmu. Ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa da Beljiyam da Amurka, akwai daga cikinsu waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, akwai kuma masu son ɗaukar ɗan ƙane ko ɗiyar ƙanwa su yi musu tarbiyya a can. A gida riƙo ba ya buƙatar komi face yardar iyaye da addu'ar dattawa. Amma da zarar za a ƙetara iyaka da yaro, sai hukuma ta nemi takarda, ita kuwa takarda dole ta faɗi mene ne wannan yaro ga wanda ya ɗauke shi. A nan ne halal da haram suke kusantar juna har mutum ya rattaba hannu kan abin da bai sani ba.

Shari'ar da ta kai shekara shida

Bari mu fara da labarin wani gida ɗaya, domin shari'arsu ta shahara, kuma ta tattara mas'alar gaba ɗaya. A ƙarshen shekarar 2003 aka haifi wata yarinya a Aljeriya, mahaifiyarta ta bar ta tun ranar haihuwa, ba a kuma san mahaifinta ba. Hukuma ta karɓe ta. A watan Janairu na 2004 wata kotu ta can ta miƙa ta ga wata mace ƴar ƙasar Faransa bisa kafala, watau riƙo na shari'a wanda mariƙi ke ɗaukar nauyin ci da sha da tufafi da ilimi da kariya, ba tare da yaron ya zama ɗansa ba. Wata kotun kuma ta yarda yarinyar ta ɗauki sunan gidan mariƙiyar. Cikin watan Fabrairu suka sauka Faransa, tana da wata uku a duniya.

Wanda ya ga haka zai ce ai magana ta ƙare. Amma a shekarar 2006 matar ta je kotu a birnin Liyon tana neman a mai da yarinyar ɗiyarta ta kowace fuska. Kotun ta ƙi a 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi a cikin shekarar, kotun ƙoli ta ƙi a 2009. Hujjarsu ɗaya ce: tun 2001 dokar Faransa ta ce ba a yin tabanni ga yaro baƙo wanda dokar ƙasarsa ta hana tabanni, sai fa in a Faransa aka haife shi kuma a can yake zaune. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 kuwa, a sashe na 46, ta haramta tabanni ƙarara, ta buɗe ƙofar kafala a madadinsa. Matar ba ta haƙura ba, ta kai ƙasarta ƙara gaban Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Sitarasbur. A watan Oktoba na 2012 wannan kotu ta yanke cewa ba a tauye mata haƙƙi ba. Alƙalan suka ce kafala sananniyar hanya ce ta kare yaro a dokokin duniya, Faransa ta amince da ita, yarinyar na ɗauke da sunan gidan, kuma mariƙiyar na iya yi mata wasiyya.

Abin lura a nan shi ne, alƙalan da ba Musulmi ba ne suka tsaya wa wani hukunci wanda tushensa Alƙur'ani ne, mu kuwa da aka saukar da hukuncin dominmu sau da yawa ba mu san iyakarsa ba. Matar nan ba muguwa ba ce. Ta yi wa yarinyar abin da dangin jini ba su yi ba. Abin da ta nema ne Shari'a ba ta bayarwa.

Asalin hani

Larabawa a jahiliyya suna yin tabanni. Mutum ya kan tsaya gaban jama'a ya ce wane ɗana ne, daga ranar sai a riƙa kiran yaron da sunansa, su gaji juna, matar ɗaya ta haramta ga ɗayan. Zaidu ɗan Harisa (R.A.), daga ƙabilar Kalbu, mahara sun kama shi yana yaro sa'ad da ya bi mahaifiyarsa ganin gida, aka sayar da shi a kasuwar Ukaza. Hakimu ɗan Hizamu ya saya wa gwaggonsa Nana Hadija (R.A.), ita kuma ta ba da shi ga Manzon Allah (S.A.W.) tun kafin annabta. Da mahaifinsa da baffansa suka ji labarin inda yake, suka zo Makka da fansa. Manzo (S.A.W.) bai karɓi komi ba, ya ba yaron zaɓi, shi kuwa ya zaɓi zama da shi. Sa'an nan ya kai shi kusa da Ka'aba ya shaida wa Ƙuraishawa cewa Zaidu ɗansa ne, bisa al'adar zamanin. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ba da labari, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa ba su gushe suna jingina Zaidu ga Muhammadu ba har hukunci ya sauka.

Hukuncin yana cikin Suratul Ahzabi, aya ta 4 da ta 5. Ma'anarsu a taƙaice ita ce furucin baki ba ya mai da ɗan wani ya zama naka, kuma kowane yaro a kira shi da sunan ubansa. In ba a san uban ba, to matsayinsa na ɗan uwa ne a addini kuma majiɓinci, ba a ƙaga masa uban ƙarya. Aya ta 37 kuma ta rushe saura, da auren Manzo (S.A.W.) da Zainabu ɗiyar Jahshu (R.A.) bayan Zaidu ya rabu da ita, domin mutane su gani a aikace cewa matar ɗan riƙo ba matar ɗan cikinka ba ce. Zaidu bai yi hasara ba. Shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a cikin Alƙur'ani, bai bar kusa da Manzo ba, ana kiransa abin ƙaunarsa, ya ja rundunoni, har ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira. Watau an cire sunan, an bar ƙaunar da riƙon yadda suke.

Saboda haka kada wani ya ji an ce tabanni haramun ne ya zaci an hana ɗaukar yaro. Buhari ya ruwaito daga Sahalu ɗan Sa'adu (R.A.) cewa Manzo (S.A.W.) ya yi nuni da manuniyarsa da yatsansa na tsakiya domin ya kwatanta kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna. Malamanmu na Malikiyya sun ce tsintar jaririn da aka yasar farillar kifaya ce, in jama'a duka suka wuce suka bar shi, duka sun yi laifi. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin wani mutum da ake kira Sunainu wanda ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar (R.A.). Umar bai miƙa masa yaron nan take ba, sai da ya tambaye shi dalilinsa, sai da shugaban unguwarsu ya shaidi mutuncinsa, kana ya hukunta cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi na kan baitulmali. Wanda ya ga binciken da kotunan Maroko da Aljeriya ke yi kafin su ba da yaro, kada ya ɗauka bidi'ar Turawa ce.

Kalma biyu da ake samu a takarda

Dokar Faransa, da ƙasashen da suka gaji tsarinta, ta raba tabanni gida biyu, kuma wajibi ne mai sa hannu ya san su da sunansu na Faransanci domin da shi zai gan su. Akwai «adoption plénière»: wannan na yanke dangantakar yaro da danginsa na jini gaba ɗaya, ba a warware shi, ana soke takardar haihuwarsa ta farko, wata ta maye gurbinta wadda babu alamar iyayensa na asali a cikinta. A Amurka ma galibi ana ba da sabuwar takardar haihuwa da sunan waɗanda suka ɗauki yaron a gurbin uwa da uba. Wannan shi ne tabannin jahiliyya da kansa, an ƙara masa hatimi kawai. Akwai kuma «adoption simple», wanda ba ya shafe dangin farko, amma yana ƙara wa yaron nasaba ta biyu da haƙƙin gado. Ya fi na farko sauƙi ƙwarai, sai dai har yanzu ba kafala ba ne.

To, me ya sa Musulmi mai tsoron Allah zai ji ransa na son waɗannan takardu? Domin yaron kafala a Turai yana zaune ne a rauni. Samun biza tasa ya fi wuya, zamansa ɗan ƙasa ba ya zuwa nan take (a Faransa sai ya shekara biyar a hannun mariƙi ɗan ƙasa, kafin dokar 2016 ta mai da shi uku), kafalar na ƙarewa in ya kai shekara 18, kuma dukiyar da aka bar wa wanda ba dangi ba hukumar Faransa na cire mata haraji har kashi 60 cikin ɗari. Waɗannan damuwoyi na gaskiya ne, bai kamata mai wa'azi ya yi musu riƙon sakainar kashi ba. Shi ya sa wasu malamai na Musulmin Turai da Amurka suka yi sauƙi: in babu wata hanyar ceton yaro sai cika takardar hukuma, a cika, da sharaɗin a sanar da yaron da dangi gaskiya, a kuma kiyaye hukuncin gado da aure da hijabi kamar yadda Shari'a ta tsara. A ganinmu wannan fatawa ta lalura ce, lalura kuwa ana auna ta da gwargwadonta. Inda hukuma ta riga ta amince da kafala, kamar yadda Kotun Turai ta tabbatar game da Faransa, lalurar ta yi rauni, kuma son yaro ya zama naka kai kaɗai ba lalura ba ne.

Maganar suna tana buƙatar bayani, domin a nan ake tsanantawa inda babu tsanani. Tun 1992 Aljeriya ta halatta wa yaron da ba a san ubansa ba ya ɗauki sunan gidan mariƙinsa, ba tare da an rubuta cewa mariƙin ne ya haife shi ba, don kada yara su riƙa yi masa gori a lakkwal. Abin da aka hana shi ne da'awar haihuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abu Bakrata (R.A.) gargaɗi mai tsanani na haramcin Aljanna ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Amma sunan da ya zama alama kawai, kowa ya san gaskiyarsa, malaman tafsiri ba su ga laifinsa ba. Miƙdadu (R.A.) sunan mahaifinsa Amru, amma har yau littattafai na kiransa ɗan Aswadu, mutumin da ya yi tabanninsa a jahiliyya. Haka nan ɗan riƙo ya ce wa mariƙinsa Baba, shi kuma ya ce masa ɗana, ta fuskar tausayi da girmamawa, babu komi.

Abin da Shari'a ta buɗe

Babbar damuwar gidan riƙo ita ce ranar da yaro zai balaga, a ce matar da ta goye shi ta yi masa hijabi, ko yarinya ta zama baƙuwa ga mutumin da ta tashi tana kira Baba. Maganin wannan shayarwa ce. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala, duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu, ko wata ɗaya ko biyu bayansu, yana haramta aure ko da tsotso ɗaya ne, matuƙar ba a riga an yaye shi ya wadatu da abinci ba. Imamu Shafi'i kuwa ya shar'anta shayarwa biyar. In mariƙiyar ba ta da nono, namiji sai ƴar uwarta ta shayar da shi, ta zama innarsa. Mace kuma ƴar uwar maigidan ta shayar da ita, ya zama kawunta. Ga inda tafiya ƙetare ke kawo cikas: binciken kotu da jiran biza kan ci watanni, wani lokaci shekaru, sai yaro ya iso bayan ƙofar shayarwa ta rufe. Wanda ke da niyya ya yi wannan lissafi tun farko. Hadisin Salimu, wanda Abu Huzaifa ya yi tabanninsa, aka umurci Sahla ta shayar da shi yana babba, jumhurun malamai sun ɗauke shi keɓantacce ga gidan nan.

Shayarwa ba ta kawo gado. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙi, yana gadon danginsa na jini. Amma da yake ba magaji ba ne, ana iya yi masa wasiyya har sulusin dukiya ba tare da neman yardar kowa ba, abin da ba a iya yi wa ɗan ciki. Mai ƴaƴa da yawa, sulusin nan na iya zarce rabon kowane ɗayansu. Ana kuma iya ba shi kyautar gida ko gona tun ana raye, sai dai a Malikiyya dole ya karɓa ya mallaka, ko a karɓa masa da shaidu, kafin mai kyautar ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba kyautar ta ɓaci. Gidaje nawa aka kori ɗan riƙo daga cikinsu bayan sadakar arba'in, domin marigayi ya tsaya ga faɗin baki bai rubuta komi ba! Game da aure kuma, Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa mariƙi cikin waliyyai, bayan dangin uba, kafin a kai ga alƙali.

Abin da duniya ta gano da kanta

Fiye da shekara ashirin da suka wuce ɗaukar yara daga ƙasa zuwa ƙasa ya kai ƙololuwa. A 2004 Amurka kaɗai ta shigo da yara fiye da 22,000. A 2023 ba su kai 2,000 ba. Faransa ta karɓi fiye da 4,000 a 2005, a 2023 ba su kai 200 ba. Habasha ta rufe ƙofa a 2018, Sin ta rufe a 2024. Dalilan suna da yawa, amma babba daga cikinsu shi ne yaran da suka girma suka koma neman asalinsu, suka tarar takardunsu ƙarya ne. A 2021 Holan ta dakatar da aikin bayan wani kwamitin bincike ya gano takardun jabu da cinikin yara, kuma a 2025 hukumar binciken gaskiya ta Koriya ta Kudu ta tabbatar cewa an rubuta yara a matsayin marayu alhali iyayensu na raye.

Maƙwabtanmu na Cadi sun ga irin wannan da idonsu. A watan Oktoba na 2007 aka kama ƴan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a Abeshe, suna shirin tashi da yara 103 da sunan marayun yaƙin Darfur ne. Bincike ya nuna mafi yawansu ƴan Cadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko wani babba da ke riƙe da su. Iyaye da dama sun ba da ƴaƴansu ne bisa zaton makaranta za a sa su a cikin ƙasa. Kotun Injamena ta ɗaure Faransawa shida shekara takwas takwas, aka mai da su Faransa, Shugaba Idris Debi ya yi musu afuwa a 2008. Talakan da ya ji kalmar riƙo, abin da ya sani shi ne ɗansa zai je ya dawo, sunansa na nan, gadonsa na nan. Takardar da aka miƙo masa da harshen da ba ya karantawa tana iya nufin rabuwa har abada.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Yarjejeniyar Lahay ta 1993, wadda Nijar ta shiga a 2021, ta ce kada a fitar da yaro sai an rasa mai riƙe shi a ƙasarsa, kada a sayi yardar iyaye da kuɗi, kada a karɓi yardar uwa sai bayan ta haihu. Maroko, wadda dokarta ta 2002 ta shar'anta musuluncin mariƙi da izinin alƙali kafin a fita da yaro, ta tsananta a 2012 ga waɗanda ba mazauna ƙasar ba, saboda wahalar bin sawun tarbiyyar yaron bayan ya tafi.

Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Wanda ya je wurin magajin gari ya sa aka rubuta ɗan ƙanensa a matsayin nasa domin biza ta yi sauƙi, ko matar da gorin rashin haihuwa ya sa ta ɓuya wata tara ta dawo da jaririn wata, sun yi tabanni mafi muni, domin ko kotu ba ta san da shi ba. Jama'a ba su manta da shari'ar jariran da aka ce an shigo da su daga Najeriya ba, wadda ta taso a Yamai a 2014, aka yanke hukunci a 2017. Masu yi wa mace gori su sani suna da kamasho a cikin irin wannan zunubi.

Wanda Allah Ya nufa da ɗaukar yaro zuwa ƙetare, ya bi ta hannun alƙali, ya nemi wanda ya amince da addininsa ya fassara masa hukuncin kalma bayan kalma kafin ya sa hannu, iyayen yaron ko waliyyansa su ji fassarar da Hausa a gaban shaidu. Ya ajiye takardar haihuwa ta farko, da hukuncin kotu, da sunan gari da unguwa da asibitin da aka samu yaron, da sunan matar da ta shayar da shi da na ƴaƴanta, domin ranar aurensa za a buƙace su. Ya fara gaya masa gaskiya tun yana ƙarami, da lafazin da hankalinsa zai ɗauka, kada ya bari ya ji ta a bakin kishiya ko a wurin rabon gado.